Darasi na 7: Gane Kalmar Turanci Daga Maƙwabtanta

Yawancin rubutun da ke zuwa hannunmu a Najeriya da Turanci ake yin sa: saƙon banki a waya, takardar makarantar yara, kwalin magani. Sau da yawa mai koyo da ya ci karo da kalmar da bai sani ba sai ya tsaya cak, ya ajiye takardar. Kada ku tsaya. Ku tsallake kalmar ku kai ƙarshen jimla, sannan ku dawo ku duba abin da ke gabanta da bayanta.

Mu fara da kuɗi, don nan ne kowa ke buɗe ido. Kuna da naira 17,300 a asusu. Kun je wurin mai POS kun ciri 5,000, sai saƙo ya shigo: "Debit: NGN5,000. Bal: NGN12,300." Ba sai an nemi ƙamus ba. Kuɗi sun ragu da 5,000, to debit fitar kuɗi ke nan, Bal kuma abin da ya saura. Ranar da ɗan'uwa ya turo muku kuɗi za ku ga credit, lissafi ya ƙaru.

Wani lokaci jimlar da kanta take kawo misalai. Duba wannan: "Farmers grow cereals such as maize, millet and rice." Idan kun san masara da gero da shinkafa, ai kun gane cewa cereals hatsi ne. Duk inda kuka ga such as, misalai na tafe. Ita kuwa but tana nuna cewa magana za ta juya: "The shop is closed today but will reopen on Monday." Yau a rufe, Litinin za a sake buɗewa.

Kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Kowa ya san fine daga gaisuwa, wato lafiya lau. Amma a "You will pay a fine of N10,000" ga biya ga kuɗi a gefenta, saboda haka tara ake nufi.

Akwai inda hasashe bai isa ba. Yawan ƙwayoyin da za a sha da lokutan shan su, ko takardar bashi ko ta fili da za ku sa wa hannu, waɗannan a tambayi likita, ko mai kemis, ko wani amintacce ya karanta muku a tsanake. Kuskure a nan da jiki ko da dukiya ake biyan sa.

Aikin gida: Ku kawo kwalin magani ko ledar madara da ba a amfani da ita. Ku nemo MFG da EXP da kwanan watan da ke kusa da kowanne. Wanne ya riga wani? Ku rubuta da Hausa abin da kuke ganin kowanne ke nufi, gobe mu duba tare a aji.