Yadda Ake Shawo Kan Rikici da Firgici a Ajin Koya wa Karnuka Wasan Tsallake Shinge

Wasan da ake kira ajiliti ya fara bayyana ne a bikin baje kolin karnuka na Crufts da aka yi a Landan a shekarar 1978, inda John Varley da Peter Meanwell suka shirya shi domin nishaɗantar da 'yan kallo, kuma a 1980 ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta amince da shi a matsayin gasa. Kare ne yake gudu babu igiya a wuyansa, yana tsallake shingaye, yana ratsa bututun yadi, yana hawa gadar katako da lilo, yana kuma kurɗawa tsakanin sanduna 12 da aka jera, mai shi kuwa yana biye da shi a guje yana nuna masa hanya da hannu da murya. Wannan gudun da ke burge 'yan kallo shi ne tushen yawancin matsalolin aji, domin yayin da kare ɗaya yake sheƙawa a fili, sauran suna tsaye suna kallonsa jininsu na tafasa.

Saboda haka aikin farko na malamin aji shi ne tsara wurin jira, tun kafin ya kafa shinge ko ɗaya. Kowane kare ya sami gurbinsa nesa da na kusa da shi, ko a cikin keji da aka lulluɓe da zane, ko a bayan wani allo da zai tare masa ganin fili. Ƙofar shiga fili ta zama daban da ta fita, domin a bakin ƙofa ne kare mai fitowa yana haki yake yin kiciɓis da wanda ya ƙagu ya shiga. A kafa doka cewa kare ɗaya kaɗai ake kwancewa a lokaci guda, kuma ba a barin karnuka su gaisa hanci da hanci alhali suna ɗaure, tun da igiya tana hana wanda ya tsorata ja da baya, wanda kuwa ba shi da hanyar gudu, haƙora ne suka rage masa. A wasu ƙasashen Turai da Amurka ana ɗaura ƙyalle mai launin rawaya a igiyar karen da yake buƙatar a ba shi tazara, kuma dabara ce mai sauƙin kwaikwayo.

Abu na biyu, wanda ya fi ɗaukar lokaci, shi ne koya wa masu karnuka karanta jikin dabbobinsu. Kare ba ya fara da cizo. Kafin a kai nan zai yi hamma ba tare da jin barci ba, zai riƙa lasar leɓe, zai kau da kai har farin idonsa ya bayyana, zai kwantar da kunnuwa, ko ya kakkaɓe jiki tamkar ya fito daga ruwa. Turid Rugaas, mai horar da karnuka 'yar ƙasar Norway, ta yi suna wajen jawo hankalin mutane ga irin waɗannan alamu. A cikin fili kuma firgicin yana fitowa ta fuska biyu da suka yi hannun riga: wani karen zai daina aiki ya sunkuyar da kai yana shinshinar ƙasa, wani kuma zai ɓalle da gudu yana zagaye fili kamar ya zare. Masu karnuka sukan fassara na farko da taurin kai, na biyu da iskanci, alhali dukkansu cewa suke yi abin ya fi ƙarfinsu. Alama mafi saurin ganewa ita ce ƙin abinci: karen da ya saba yin rawar jiki a kan busasshiyar hanta, idan ya kau da kai daga gare ta, to ba ya cikin halin koyon komai.

Idan aka ga haka, sai a ƙara masa nisa daga abin da ya dame shi har ya koma karɓar abinci, sannan a rage wahalar aikin, a sauke sandar shinge ko a taƙaita bututun, a bar shi ya yi nasara sau ɗaya a sallame shi. Kada a hukunta kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma wanda aka doke don ya yi gargaɗi zai iya koyon kai cizo ba sallama. A kuma tuna cewa damuwa taruwa take yi: doguwar tafiya a mota, da zafin rana, da haushin wani kare a wurin ajiye motoci, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan suka haɗu a yini ɗaya sai ƙaramin abu ya tayar da faɗa. Karen da ya sauya hali kwatsam, ko ya fara ƙin tsallen da ya saba yi, likitan dabbobi ya kamata ya fara gani, domin sau da yawa ciwon gaɓa ko na baya ne yake magana.

In har faɗa ya kaure, kada kowa ya kai hannu kusa da baki ko wuyan kare, ko da nasa ne. A yi ƙara mai ƙarfi, ko a watsa musu ruwa, ko a cusa allo a tsakaninsu, sauran mutane kuma su janye nasu karnukan su yi shiru. Bayan an raba, a duba jikin kowanne da kyau, saboda hudar haƙori takan ɓuya a ƙarƙashin gashi ta ruruce daga baya. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake neman shaidar allurar rigakafin haukan kare tun ranar rajista.

Rikicin mutane ya fi na karnuka wuyar sasantawa, kuma a ganina nan ne ake gane malami na gaske. Akwai wanda yake cinye lokacin wasu yana maimaita zagaye, akwai mai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, akwai kuma wanda kunya ta kama shi don karensa ya ƙi aiki a gaban jama'a, sai ya huce a kan dabbar da tsawa da fizgar igiya. Maganin na farko agogo ne, a yanka wa kowa mintoci daidai. Na biyu kuwa a sanar tun ranar farko cewa gyara daga bakin malami kaɗai yake fitowa. Na ukun shi ne mai buƙatar lallami: kada a yi masa faɗa a bainar jama'a, a ce masa ya fita da karen su sha iska na ɗan lokaci, bayan an tashi a keɓe da shi a nuna masa cewa karen yana bin kafaɗunsa da ƙafafunsa ne fiye da maganarsa, don haka kuskuren da ya gani yawanci daga jinkirin ishararsa ya taso.

Idan kare ya kai wa wani hari, a saurari masu su daban-daban, a rubuta abin da ya faru, kada kuma a bar sauran ɗalibai su kafa kotu. Wanda aka kai wa karensa hari yana da haƙƙin a ba shi tabbacin cewa ba za a maimaita ba, wanda karensa ya yi harin kuma a ba shi mafita maimakon kora kawai: darasi shi kaɗai na wasu makonni, sannan ya dawo aji a matsayin na ƙarshe a layi, yana jira a waje har sai an kira shi.