Yadda za ka koya wa yara tarihin tsarkakan bishop-bishop na farko

Ɗan'uwa katekis, a ajin baftisma a nan Gusau kada ka fara da jerin sunaye. Fara da taswirar Afirka. Yaranmu da yawa sun ɗauka duk wani waliyyi Bature ne, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ɗora yatsa a kan Tunisiya, ka ce nan ne Kartej, garin Bishop Sifriyan. Ba su labarin annobar da ta faɗa wa garin, yadda ya tara Kiristoci su yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba Kirista ba. Sannan ka faɗa musu an fille masa kai ran 14 ga Satumba, 258, zamanin Sarki Baleriyan, don ya ƙi miƙa hadaya ga gumakan Roma. Tsaya nan, bar su su yi tambaya. Yaran Zamfara sun san abin da ake nufi da shugaban da ya tsaya da jama'arsa ranar tsoro.

Mako na gaba matsa yamma zuwa Annaba a Aljeriya, wato tsohuwar Hippo. Agustin ya fi shekara 30 yana bishop a can, ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, lokacin mayaƙan ƙabilar Bandal sun kewaye garin. Ni nakan haɗa shi da mahaifiyarsa Monika, wadda ake tunawa ran 27, domin 'yan mata su ji labarin nasu ne su ma. Ka ambaci Ambros na Milan da ya yi wa Agustin baftisma a 387. Ambros gwamna ne, ko baftisma bai yi ba lokacin da jama'a suka nemi ya zama bishop a 374. Atanasiyus na Iskandariya, wanda aka kora daga kujerarsa sau biyar, bar shi sai ajin manya, don gardamar da ya yi kan allahntakar Almasihu ta yi wa ƙanana nauyi.

Wani yaro zai tambaya ina dayosis ɗin Hippo take yau. Faɗa masa gaskiya: ikilisiyar can ta raunana da rabuwar kai da yaƙe-yaƙe, ta shuɗe ɗaruruwan shekaru, sai a 1866 aka kafa dayosis ta Kusantina a Aljeriya da ke riƙe da sunan Hippo. Yi bayanin ba tare da aibanta kowa ba. Maƙwabtanmu da abokan wasan yaran Musulmi ne.

Daga nan dawo gida. Dayosis ɗinmu ta Sakkwato ta fara a 1953 a hannun Fadoji 'yan Dominikan daga Amurka, ta cika dayosis a 1964, bishop na farko Edward Lawton. Sa yara su bi layin har zuwa Bishop Matthew Hassan Kukah da ya hau a 2011. Aikin gida kuwa, kowa ya tambayi kaka ko wani dattijo a coci wane Fada ne ya yi masa baftisma da kuma a wane gari, ya rubuto a littafinsa kafin Lahadi.