Kujera huɗu ba mutum huɗu ba ne

Ƴan uwa matuƙa, mai shirin tashi da Cessna 172, ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, daga filin jirgin Damagaram a watan Afrilu ko Mayu, ya zauna da lissafi tukuna. Filin yana kan tudu kusan mita 460, amma in zafi ya kai digiri 42, iska tana yin sirara, inji da fukafukai su ji kamar suna sama da mita 1,500. Gudun ƙasa zai yi tsawo, hawan kuma sai a hankali.

Ga nauyi. Samfurin 172S ba ya wuce kilo 1,157 wurin tashi. Man da ake iya amfani da shi a cikakken tanki lita 200 ne, wato kilo 144; in an cire shi da nauyin jirgin kansa, abin da ya rage bai fi na manya uku ba. Ko ka rage mai, ko ka rage mutum. Jakunkuna a bayan kujera kuwa suna ja da nauyi baya, hanci ya riƙa ɗagawa tun lokaci bai yi ba.

A tashi da sassafe. Kafin sakin birki, a buɗe wuta duka, a rage gaurin mai, wato yawan man da ke haɗuwa da iska a inji, har inji ya kai ƙarshen juyinsa. Man da aka tsiyayo a kofi daga ƙarƙashin fiffike don dubawa kafin shiga jirgi ya zama shuɗi tas, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindin kofi.