Wasan canki-canka a zauren masu yaƙi da kasala: kurakuran da na gaji da gani

Makon jiya wani ƙanina a wannan harka ya turo mini hoton zaurensu na Telegram, sai murna yake yi. Zaure ne irin wanda ake taruwa don taimakon juna wajen tsara lokaci: da safe kowa ya faɗi abin da zai yi, da yamma ya dawo ya ce ya yi ko bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ka ga yadda guruf ya farfaɗo? Tun da na fara sa canki-canka saƙo ba ya tsayawa." Na duba, ashe hoton mota ne aka rufe rabinta, aka ce a canki sunanta. Na tambaye shi, cikin waɗanda suka amsa, mutum nawa suka kawo rahoton aikinsu a ranar? Shiru. Ba shi ne na farko da na yi wa wannan tambaya a bana ba, shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Kada a ɗauka ƙin wasan nake yi. Ni ma ina sa shi, kuma yana ci. Zauren da ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, tambaya guda takan tashe shi, domin ɗan Adam ba ya jure a nuna masa gefen abu a rufe sauran. Masanin halayyar ɗan Adam George Loewenstein ya yi bayanin haka a 1994: son sani yana tasowa ne daga giɓin da ke tsakanin abin da mutum ya sani da abin da yake so ya sani, kuma ya fi cizo idan ya ji kamar ya kusa kamo amsar. Ga kuma abin da Jakob Nielsen, mai nazarin yadda mutane ke amfani da intanet, ya rubuta a 2006, cewa a yawancin zaurukan intanet kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 sukan tofa jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin akasarin maganar. Wanda ba zai iya rubuta dogon bayani ba zai iya jefo lamba ɗaya. Amfanin wasan ke nan, yana buɗe bakin masu laɓe.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ƙanin nan nawa yake ciki yanzu, wato ɗaukar hayaniya a matsayin nasara. Shekarun baya ina riƙe da wani zaure, na ga ya fara sanyi, sai na shiga jefo kacici-kacici da hantsi, daidai lokacin da mutane suka duƙufa. Tutar wace ƙasa ce wannan, wace dabba ce ba ta kaza, irin su dai. Waya ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa, ni kuwa ina ta ƙirga saƙonni ina jin na zama gwani. Ban farga ba sai da wata baiwar Allah, wadda ke rubuta kundin digirinta kuma ta fi kowa kiyaye rahoto, ta yi mini magana ta gefe. Ta ce, "Malam, na shigo nan ne don in rage taɓa waya, yanzu kai ne kake sa ni taɓa ta." Washegari ta fita. Waɗanda ba su fita ba suka kashe ƙarar zauren, kuma wanda ya kashe ƙarar zaure da wuya ya sake kunna ta. Aka bar ni da 'yan raha, masu sitika da dariya, waɗanda ko jerin aikin yini ba sa rubutawa. Garin neman gira na rasa ido.

Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta daɗe tana bin ma'aikatan ofis tana auna yadda ake katse su, ta kuma gano cewa wanda aka katse yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya koma kan aikin da ya bari. Ka lissafa da kanka. Tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, wanda rabin mambobinka ke bi, minti 25 ne na aiki sai hutun minti 5. Tambayarka ɗaya ta motar da aka rufe ta cinye kusan zango guda. Wai kuma kai ne admin na zauren cika aiki! Abin da ake kira dokar Goodhart ne ya kama ni: da zarar ma'auni ya zama shi ne abin da ake nema, ya daina auna komai. Yawan saƙo alama ce ta rai a zaure muddin ba shi kake farauta ba.

Gyaran da na yi bayan na sha wuya guda biyu ne. Na farko, wasa ba ya fita sai bayan an rufe rahoton yini. Na biyu, kuma shi ne ya canza komai, na daina tambayar abin da bai shafi aiki ba. Yanzu abin da ake canka shi ne lokaci. Mutum ɗaya zai miƙa kansa da yamma, ya ce gobe zan share akwatin imel ɗina mai saƙo kaza, ko zan gyara babi na biyu. Kowa ya kintaci minti nawa zai ɗauka, shi ma mai aikin ya rubuta nasa. Gobe ya kunna agogo, ya yi, ya kawo adadi na gaskiya. Wanda ya fi kusa ya ci.

Abin dariya, kusan kullum mai aikin ne ya fi kowa nisa da gaskiya. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ciwo tun 1979, cewa mutum kan raina lokacin da aikinsa zai ci ko da ya sha yin irinsa a baya. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa suka tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su gama kundinsu. Matsakaicin abin da suka ce kusan kwana 34 ne, abin da ya faru kuma kusan kwana 55. Kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba wa kansu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana, sai dai ido ma sai an horar da shi. Wanda ya yi wata biyu yana wannan wasa zai fara rubuta jerin aiki uku a yini maimakon goma sha biyun da ba ya gamawa. Wasan ya zama shi ne darasin.

Sai dai a nan ma akwai rami. Idan ka bari ana rubuta amsa a fili, na farko ya ce minti 40, to sauran za su yi ta zagaye 40 ne, wannan 35, wancan 45. Ba canka suke yi ba, bin sawu suke yi. Tversky da Kahneman sun nuna haka a 1974 da wata ƙafar juyi mai lambobi: waɗanda ta tsaya musu a 10 suka ce ƙasashen Afirka kashi 25 ne cikin 100 na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ta tsaya musu a 65 suka ce kashi 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambayar ma ta ja su, balle amsar wanda ake ganin girmansa a zaure. Mutane suna son kawo labarin masanin ƙididdiga Francis Galton, wanda a 1906 ya tattara ƙuri'u 787 na masu cankar nauyin wani sa a baje kolin dabbobi a Ingila, aka ga tsakiyar amsoshin fam 1,207 ne alhali ainihin nauyin fam 1,198. Abin da suke mantawa shi ne kowa a kan katinsa ya rubuta, ba ihu aka yi ba. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun gane wannan, shi ya sa a wasan katin ƙiyasi da James Grenning ya fito da shi a 2002 kowa yake kife katinsa, sai a buɗe gaba ɗaya. A Telegram ƙuri'a ba ta nuna sakamako sai ka jefa taka, don haka ta wadatar. A manhajar hira ta Discord akwai lulluɓe rubutu da sanduna biyu-biyu (||), ba a ganinsa sai an taɓa. A WhatsApp kuwa ana ganin inda jama'a suka karkata tun kafin a zaɓa, don haka ni nakan ce a turo mini ta gefe. Wahala ce, na sani, amma ita na zaɓa.

Yanzu bari in zo ga wanda har yau in na tuna nake jin nauyi. Kada ka mayar da mutum kacici-kacici. Kada! Na taɓa ganin dabara ce in ɗauki rahoton wani in cire suna, in ce a canki wane ne ya yi mako guda yana ɗaga aiki ɗaya daga yau zuwa gobe. A tunanina raha ce da za ta zaburar. Cikin 'yan mintoci aka fara jefo sunaye. Aka ambaci mutum uku da ba su ji ba ba su gani ba, kowanne ya gane ashe kallon malalaci ake yi masa. Shi kuwa mai rahoton, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga ma ya sani. Bai ce uffan ba. Daga baya na ji cewa makon nan jinyar mahaifiyarsa yake yi, aikin da yake ta ɗagawa ɗin a bakin gadon asibiti yake rubuta shi. Na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai ƙara kawo rahoto ba. Kuma ba shi kaɗai ba. Tun daga ranar rahotannin zauren suka koma "na gama, na gama", kowa ya zama gwarzo, domin an ga abin da ake yi da gazawar wanda ya faɗi gaskiya.

Ku da kuke sa "canki teburin wa ya fi hargitsi" da "wa ya fi kowa daɗewa a waya wannan makon", wallahi ku daina. Irin wannan zaure jarinsa ɗaya ne, mutum ya iya cewa yau na kasa ba tare da fargaba ba. Ko a wasan lokacin da na ambata, ba na ɗora kowa. Wanda ya miƙa kansa shi ake cankar aikinsa, in ba wanda ya miƙa, nawa nake sawa. An sha yi mini dariya kuwa, kuma ya fi mini.

Maganar kyauta, ra'ayina ya saɓa da na mutane da yawa: ba na bayarwa. Sau ɗaya na sa katin waya, sai ga baƙin lambobi suna neman shiga, ga masu gyara amsa bayan an sanar, ga gardama a kan wa ya riga wa. Da na janye kyautar, wasan ya mutu murus, alhali kafin in sa ta ana yi don daɗi. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A 1973 Mark Lepper da abokansa suka yi wa yara masu son zane alkawarin takardar yabo, bayan haka aka ga sun rage zanen da a da suke yi ba a roƙe su ba. Ladan wanda ya ci a wurina shi ne ya zaɓi tambayar gaba. Allon jerin gwanaye ma na soke shi, saboda mutum uku ne ke saman kullum, sauran su ga ba riba su koma laɓe.

Sauran ƙanana ne. Tambayar da za a iya bugawa a Google a samu amsa gasar saurin yatsa ce kawai. Wadda ta yi tsauri har ba mai kusantarta takan sa a yi shiru, wadda ta yi sauƙi kuma raini ce. Kada ka kira sunan kowa da kowa don ka sanar da wasa. In mambobinka suna ƙasashe daban-daban, ka bar ƙofa a buɗe awa 24, in ba haka ba masu barci a lokacin ba za su taɓa ci ba. Ka kuma faɗi amsa a lokacin da ka yi alkawari. Admin ɗin da ke wa'azin cika alkawari ya manta da amsar tambayarsa kwana uku, ai ba sai an ce masa komai ba.

Sai yawaitawa. Ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Wordle, wasan cankar kalma da Josh Wardle ya saki a Oktoban 2021, a lokacin kalma ɗaya ce tak a yini da damar gwaji shida, ba ƙari ko ka roƙa. Daga 'yan wasa 90 a farkon Nuwamba ya haura 300,000 a farkon Janairun 2022, kafin ƙarshen watan jaridar New York Times ta saye shi. Mutane suna iya nuna sakamakonsu da 'yan akwatuna masu launi ba tare da sun tona kalmar ba, wato an raba daɗin ba a ɓata wa na baya ba. Ni ko kullum ɗin ma ba na yi. Sau biyu a mako, Talata da Alhamis, in makon jarrabawa ne ko ƙarshen wata da aiki ke yi wa mutane yawa, sai in ɗauke shi gaba ɗaya.

Shi ƙanin nawa na ce masa ya daina ƙirga saƙo, ya ƙirga mutum nawa suka kawo rahoton yamma a ranar da aka yi wasa da ranar da ba a yi ba, har tsawon mako huɗu, sannan ya dawo mu yi magana. Ya ce to, amma hoton motar fa, ya riga ya tanadi guda goma. Na ce ya kai wa zauren abokansa na makaranta.