Yadda Ɗan Damagaram Zai Saba da Zaman Japan Idan Aiki Ya Kai Shi

Wanda ya tashi a Damagaram yana da rabin guzurin zaman Japan tun daga gida, domin kunya da girmama na gaba da tuɓe takalmi a bakin ƙofa abubuwa ne da su ma Japanawa suke riƙe da su. Inda wahala take shi ne ƙa'idarsu ta kada mutum ya takura wa wani, ko da ƙarar murya ce, ko da jinkirin minti biyar ne.

Gyaran yana farawa daga jaka. Kada a yi guzurin kilishi, komai kyan wanda aka saya a kasuwar Dole, saboda dokar Japan ta hana shigar da nama ba tare da takardar lafiyar dabbobi ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3. Ƙananan kayan fata na dukawan Damagaram sun fi dacewa da tsaraba, kuma abokan aiki suna jin daɗin irin wannan kyauta idan an miƙa ta da hannu biyu.

A manyan filayen jirgi irin su Narita da Haneda da Kansai ake ba baƙo katin zama. Da zarar ya sami masauki, wajibi ne ya je ofishin magajin garin yankinsa cikin kwana 14 a rubuta adireshinsa a bayan katin, sannan ya riƙa yawo da shi kullum, domin ɗan sanda yana da ikon tambaya. A tabbatar kuma an shiga inshorar lafiya, wadda ke sa mara lafiya ya biya kashi 30 cikin 100 kawai na kuɗin asibiti. Lambar ƴan sanda 110 ce, ta motar asibiti da ƴan kwana-kwana kuma 119.

Wurin aiki ne ya fi buƙatar natsuwa. Idan an ce taro ƙarfe tara, ma'anarsa kowa ya zauna kafin tara, kuma wanda ya ga zai makara sai ya buga waya tun yana hanya. Gaisuwar da muka saba, ta tambayar gida da iyali da gajiya da sanyi, ba ta da gurbi a buro, sunkuyar da kai da kalma ɗaya sun wadatar. Abin da shugaba yake so daga ma'aikaci shi ne ya riƙa kawo rahoton inda aiki ya tsaya, ya sanar da duk wani canji, kuma ya nemi shawara kafin ya yanke hukunci shi kaɗai. A ganina nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin kunya takan sa mu rufe matsala har sai mun gyara ta da kanmu, alhali Bajapane ya fi yafe kuskuren da aka faɗa masa da safe a kan wanda ya gano da kansa da yamma. A kula kuma da yadda suke ƙin abu: wanda ya ja numfashi ya ce al'amarin yana da ɗan wuya, ko ya ce zai yi tunani, galibi ya riga ya ƙi, nanata roƙo kuwa ba ya haifar da komai sai ɓata zumunci.

Maƙwabtaka tana da nata sharuɗɗa. Ana raba shara kashi-kashi, mai ƙonuwa daban, kwalabe da gwangwani daban, kuma kowace tana da ranar fitar da ita. Ba a amsa waya a cikin jirgin ƙasa, ba a kuma faɗa wa mutum gida ba tare da an yi alkawari ba. Tun da Japan tana gaban Nijar da awa 8, hira da iyali takan faɗo cikin dare, kuma bangon gidajen haya siriri ne, don haka a sassauta murya.

Game da addini, gara a yi bayani tun ranar farko cikin ladabi. Idan abokan aiki suka gayyaci mutum liyafar bayan tashi, inda ake shan giya, yana iya zuwa ya nemi shayi, kuma ba safai ake matsa wa wanda ya bayyana dalilinsa ba. Abincin ne yake buƙatar bincike, domin romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba giyar shinkafa mai suna mirin a miya da yawa. A Tokyo akwai kantunan halal a unguwar Shin-Okubo, ga kuma babban masallacin Tokyo Camii, sannan a birnin Kobe akwai masallacin da aka gina tun 1935. Lokacin sallar Juma'a kuwa a nemi izininsa daga shugaba tun kafin a sa hannu a takardar aiki.

Faransanci ba ya amfani a titunan Japan, Ingilishi ma bai cika yawa ba. Jarrabawar harshensu ta JLPT tana da mataki 5, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya, kuma bizar ƙwararrun ma'aikata da aka ɓullo da ita a 2019 tana neman aƙalla matakin N4 ko makamancinsa. Yana da kyau a fara koyon haruffan hiragana da katakana tun ana Damagaram, sannan idan an isa a tambayi ofishin magajin gari azuzuwan Japananci da ƴan sa-kai suke koyarwa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan.