Yadda za ka ziyarci ƙauyen Eguisheim a Faransa ba tare da cin abin da bai halatta ba

Eguisheim ƙaramin ƙauye ne na manoman inabi a yankin Alsace, gabashin Faransa, kimanin kilomita 7 daga birnin Colmar. A 2013 Faransawa suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi so. Giya ce sana'ar mutanen garin, amma wanda ba ya sha ma yana da abin kallo da abin ci, muddin ya san abin da zai tambaya.

Daga Birnin Kebbi ko Argungu, a Abuja za ka fara. Cike takardar biza a shafin France-Visas, ka tanadi Yuro 90, inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000, shaidar masauki da bayanin asusun banki. Daga filin jirgin Charles de Gaulle na Paris akwai jirgin ƙasa mai sauri zuwa Strasbourg, wajen awa 2, sai wani zuwa Colmar cikin rabin awa. Motocin haya zuwa ƙauyen ba su da yawa, musamman ranar Lahadi, don haka ɗauki tasi ko ka yi hayar keke.

Kallon garin ba wuya. Titunansa a zagaye suke, da'ira cikin da'ira, kamar an naɗe tabarma. Bi Rue du Rempart, cikin awa ɗaya ka gama zagaye gidajen katako masu launi da furanni a tagogi. Ɗaga kai ka duba rufin gidaje: manyan sheƙoƙin da ke sama na farar shamuwa ne, 'yar uwar wadda ke zo mana da damina. Mai ƙarfin ƙafa ya hau tudu zuwa kangayen tsofaffin hasumiyoyi uku da ke bayan gari, daga can ana hango gonakin inabi duka. Sa takalmi mai kama ƙafa, don duwatsun titi na da santsi in an yi ruwa. Kada ka tsinki inabin gona ko ɗaya.

Wurin cin abinci ne ake yin kuskure. Girkin Alsace cike yake da naman alade, kuma giya na shiga tukunya ba tare da an rubuta ba. Haddace kalmomin nan: porc, lard, lardons, jambon da saindoux duk alade ne ko kitsensa, vin, Riesling da kirsch giya ne. Bar choucroute (tsimammen kabeji da naman alade) da baeckeoffe (nama da dankalin Turawa da ake dafawa da giya) gaba ɗaya. Ko choucroute na kifi, wanda baƙi ke ɗauka mafita ce, sau da yawa da giya ake dafa kabejinsa da romonsa. Tarte flambée, wato siririyar gurasa da kirim da albasa, tana zuwa da gutsattsarin alade sai ka ce "sans lardons". Haka kek ɗin kougelhopf: tambayi ko an jiƙa zabibinsa a giya.

Abin da ya fi sauƙi shi ne cukun Munster da dafaffen dankalin Turawa (warinsa kamar daddawa, ɗanɗanonsa ya fi warin laushi), taliyar spaetzle da man shanu, gurasar bretzel, da ruwan tuffa. Ruwan inabi kuwa ka ce "jus de raisin". A Satumba da Oktoba, lokacin girbi, ana sayar da wani mai zaƙi da ake kira vin nouveau. Kamar ruwan inabi yake a ido, alhali ya riga ya fara tsima. Naman halal sai a Colmar.

Lura da agogo. Ana ba da abincin rana daga 12 zuwa 2, na dare daga 7. Wanda ya iso ƙarfe 3 zai tarar an rufe kicin. Ruwan famfo kyauta ne in ka ce "carafe d'eau". Masallaci ma sai Colmar, kuma a watan Yuni magariba na kaiwa wajen 9:30 na dare. A Disamba sanyin ya wuce hunturun bakin gulbi nesa ba kusa ba, sai da riga mai kauri da safar hannu.