Yadda ake ajiye alamomin fuskar kwamfuta duk inda ake so

Idan ka ja alamar wani fayil ko manhaja zuwa tsakiyar allo, kana sakin linzami sai ta tsere ta koma gefen hagu cikin 'yan'uwanta, to kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Wani saiti ne ke kunne, kuma kashe shi bai kai minti ɗaya ba. A Windows 10 da Windows 11 hanyar ɗaya ce.

Da farko danna maɓallin Windows tare da harafin D, domin duk abin da ke buɗe ya sauka, fuskar kwamfutar ta fito. Sai ka kai linzami wani fili da babu alama a kansa, ka danna maɓallin dama. A jerin da ya bayyana, ɗora linzamin a kan View. Can ƙasa za ka ga layuka uku: Auto arrange icons, da Align icons to grid, da Show desktop icons. Idan akwai ɗan maki a gaban na farkon, danna shi makin ya tafi. Shi ke nan, yanzu duk alamar da ka riƙe da maɓallin hagu ka ja, inda ka sake ta nan za ta zauna.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne bambancin layi na farko da na biyu, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon shi ke tattara alamomi ya jera su daga saman hagu zuwa ƙasa, ba ya barin gurbi ko ɗaya. Na biyun ba ruwansa da inda ka kai alama, sai dai yana da wasu gidaje murabba'i da ido ba ya gani, yana tura kowace alama cikin gidan da ya fi kusa da ita. Shawararmu ita ce a kashe na farko a bar na biyu a kunne, domin mutum ya samu 'yancin raba kayansa, layukan kuma su fito a miƙe. Wanda ya kashe duka biyun zai iya ajiye alama daidai kan ɗigon da yake so, misali idan yana son su kewaye wani hoto da ke bango, amma fa alama na iya hawa kan wata har ta ɓoye ta, a yi ta neman fayil alhali yana nan a ƙarƙashi.

Don kwashe alamomi da yawa lokaci guda, riƙe maɓallin hagu a fili ka zana akwati ya rufe su, ko ka riƙe Ctrl kana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ja guda, sauran za su biyo ta. Girmansu kuwa, View na ba da manya da matsakaita da ƙanana, amma riƙe Ctrl tare da murza tayar linzami ya fi, don yana ƙarawa ko ragewa kaɗan-kaɗan. A fara daidaita girman kafin a jera, saboda canza shi daga baya yakan motsa alamomin.

Da ka gama, danna F5 sau ɗaya. Kuma ka kiyayi Sort by da ke cikin wancan jerin: taɓa shi sau ɗaya, ko bisa suna ko girma ko kwanan wata, zai rushe duk aikin da ka yi ya mayar da komai gefen hagu.

Wani lokaci an yi komai daidai, amma washegari a tarar alamomi sun watse. Mafi yawan lokuta canjin girman hoton allo ne ya jawo. Allon da ke kan 1920 da 1080 yana da gidaje fiye da wanda ke kan 1366 da 768, don haka idan aka jona majigi ko allo na biyu, ko aka buɗe wasan da ke rage girman hoton, alamomin da ke can gefen dama sai su rasa wuri, Windows ya tura su inda akwai fili, kuma ba lallai ya dawo da su ba. Haka ma idan kwamfuta ta mutu kwatsam ba a kashe ta ta hanyar da ta dace ba, sabon jerin na iya ɓacewa. Mai yawan jona allo na biyu gara ya tara muhimman alamominsa ta ɓangaren hagu da sama, ko ya sa ƙaramar manhaja irin DesktopOK, wadda ke adana yadda aka jera su ta kuma mayar da su da dannawa ɗaya. Idan kuwa alamomin sun ɓace gaba ɗaya, duba layi na uku, wato Show desktop icons, ko makinsa ne ya fita.

Masu Mac kuma, su danna dama a fili, su cire maki daga Use Stacks idan yana kunne, don shi ke haɗa fayiloli tsibi-tsibi tun daga macOS Mojave na 2018. Sannan a Sort By su zaɓi None, ko Snap to Grid idan ana son layuka su miƙe. Command da J na buɗe wurin daidaita girman alamomi da tazarar da ke tsakaninsu.